Warin da Turare Ba Ya Kashewa

Wanda ya tashi a Damagaram yana iya bin lungunan Birni ido rufe, hancinsa ya yi masa jagora. Nan gidan masu daddawa ne. Can an zuba turaren wuta a kasko, maigida ya kusa dawowa daga masallaci. Idan iska ta juyo daga wajen majema kuwa, ba sai an faɗa maka ba. Amma akwai wani wari da kan kutso tsakanin magariba da lisha, daga kango, ko bayan katanga, ko ɗakin samari na bakin zaure. Yana da kauri da ɗan ɗaci, kamar an ƙona ɗanyar ciyawa a bakin ramin bodari. Manya sukan yi kamar ba su ji ba. Yara kuwa sun san sunansa, wiwi.

Wata dattijuwa a unguwarmu ta taɓa tare ni a ƙofar gida, ta sassauta murya ta ce, "Malam, kai da ka yi lakwal, wane turare ne ke kashe warin nan? Na sa hawi, na sa sandal, har humra na yayyafa wa labule, amma da safe sai in ji shi a rigar yaron." Na ce mata, "Inna, babu shi." Ta dube ni kamar na yi mata rowa. Tambayarta ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin ƙofa.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne, sinadarin da ke bugar da mashayi, wanda masana ke kira THC, kusan ba ya wari ko kaɗan. Warin daga maƙwabtansa yake fitowa. A jikin furen macen shukar akwai ƴan ƙananan gashi masu ƙululu a kai, suna fitar da wani danƙo mai yauƙi. Cikin danƙon nan THC yake, tare da wasu mayuka masu saurin tashi cikin iska da ake kira tarfin. Ba baƙi ba ne a madafar Bahaushiya. Wanda ke fantsamowa idan kin matse ɓawon lemun tsami ɗan gidansu ne, haka wanda ke cikin masoro da kanumfari. Shukar tana yin su ne don korar ƙwari da dabbobi, kamar yadda barkono ke yin yajinsa. An ƙirga sinadarai masu tashi sama da 200 a wiwi.

Shekaru da yawa an ɗauka tarfin ne kaɗai ke da alhakin warin. Sai dai lissafin bai fita ba, don babu wanda ya taɓa toshe hanci saboda lemun tsami. A 2021 wasu masana a Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Iain Oswald, suka wallafa bincike a mujallar ACS Omega inda suka nuna ɓarawon na gaskiya: wasu sinadarai ne masu farar wuta a jikinsu, dangin waɗanda ke cikin tafarnuwa. Babbansu ana taƙaita sunansa da 321MBT. Kaɗan ne ƙwarai a cikin furen, amma shi ne mai warin bodarin. Sun kuma lura yana ƙaruwa sosai a makonnin ƙarshe na fure da lokacin shanya, sannan ya ragu idan ganyen ya daɗe a ajiye.

Me ya sa ɗan abu kaɗan haka zai cika unguwa? Amsar tana cikin hancinmu. A can saman kogon hanci akwai masu karɓar ƙamshi iri kusan 400, kowanne da siffar abin da yake kamawa, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano wannan tsari a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Hancin ɗan Adam bai kai na kare ba, amma a kan dangin farar wuta ba ya wasa, domin su ne warin ruɓaɓɓen nama da ɓataccen ƙwai. Yakan tsinci wasunsu ko da kashi ɗaya ne cikin biliyan na iskar ɗaki.

Mutanen Damagaram sun san wannan a aikace, ko da ba su san sunansa ba. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011 a kan hanyar Tanut, tukunyar gas ta ƙara shiga gidaje. Gas ɗin girki a asalinsa kusan ba ya wari. Kamfanoni ne ke ɗiga masa ɗan sinadarin farar wuta da gangan, don idan tukunya ta yi yoyo uwargida ta ji kafin ta ƙyasta ashana. An koyi wannan darasi da jini: a 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas, ya fashe, ya kashe mutum kusan 300, yawancinsu ɗalibai. Sinadarin da ke ceton rai a madafa da wanda ke tona asirin yaro a zaure ƴan uwan juna ne na kusa.

Hanci kuma yana da wata ɗabi'a: yana gajiya. Ka zauna cikin wari na ƴan mintoci, sai ƙwaƙwalwa ta daina sanar da kai. Shi ya sa majemi ke cin tuwonsa a gefen rami hankali kwance. Shi ya sa kuma mashayin wiwi ke rantsuwa ba ya wari, kuma har ga Allah shi ba ya ji, alhali danƙon ya kama gashin kansa, da rigarsa, da katifa. Abu ne mai maiƙo, ruwa kaɗai ba ya wanke shi.

A wasu ƙasashen wannan wari ya zama shari'a tsakanin maƙwabta. Uruguwai ta halatta wiwi a 2013. Kanada ta bi baya ran 17 ga Oktoban 2018, ta yarda kowane gida ya shuka tushe huɗu, kodayake lardin Kebek ya ƙi, kuma kotun ƙolin ƙasar ta goyi bayansa a 2023. Jamus ta yarda da tushe uku daga watan Afrilun 2024. A ƙasashen sanyi, cikin ɗaki ake noman, ƙarƙashin fitilu masu zafi, har wani masani mai suna Evan Mills ya ƙiyasta a 2012 cewa wannan noma na cinye kusan kashi 1 cikin 100 na wutar lantarkin Amurka. Doka ta halatta shukar, amma ba ta iya hana warin tsallake katanga ba. A birnin Denver na Amurka, ma'aikatan muhalli na yawo da wata na'ura mai kama da ƙaho da ake kafawa a hanci, Nasal Ranger, wadda ke gauraya iska mai wari da tatacciya. Idan an tsarma kashi ɗaya da kashi bakwai kuma har yanzu ana jin warin, mai wurin ya shiga laifi. Daga 2016 birnin ya wajabta wa masu manyan gonakin cikin gini su gabatar da tsarin tace iskarsu.

A nan ne amsar Inna take. Rufe wari daban, cire shi daban. Turare ba ya taɓa sinadarin da ke cikin iska, sai dai ya ɗora wani ƙamshi a kansa, hanci ya shagala na ɗan lokaci. Da hayaƙin turaren ya lafa, tsohon warin na nan inda aka bar shi, kuma an ƙara wa huhun masu kwana a ɗakin hayaƙi a kan hayaƙi. Abin da hukumomin can ke buƙata shi ne gawayin da aka gasa da tururi har cikinsa ya zama ramuka, ta yadda giram ɗaya kan ƙunshi fili mai faɗin murabba'in mita 500 ko fiye. Ƙwayoyin wari na maƙalewa a bangon ramukan. Dabarar ce a takunkumin kare guba da matatar ruwan sha, ita ce kuma ta matar da ke ajiye gawayi a firji. Shi ma yana cika, ya daina aiki, kuma ƙorafin maƙwabta bai ƙare ba a garuruwan da aka tilasta shi. Ɗakunan noman kuma suna da wata cutar da ba a tace ta: laima mai yawa da ke haifar da fumfuna a bango, da wayoyin wuta masu ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu.

Matsalar noman ɗaki ba ta Damagaram ba ce, kuma da wuya ta zama. Garin da mata ke kwana a layin famfo da bidon a watannin bazara, garin da ya ɗanɗana duhu lokacin da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba shi da ruwa ko lantarkin da zai ciyar da shuka a ɗaki. Sannan doka ba ta bar ƙofa ba: dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumban 1999 ta haramta noman wiwi da sayar da shi da shansa a Nijar. Namu a bushe yake zuwa. Manyan gonakinsa a wannan yanki suna cikin dazukan kudancin Najeriya, irin su Ondo da Edo, kuma tsakanin Kano da Damagaram tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, kan iyakar da ƴan uwa ke zaune a ɓangarorinta biyu. Akwai kuma mai wucewa: a watan Maris na 2021 hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, OCRTIS, ta kama tan 17 na danƙon wiwi a wani sito a Yamai, wanda ya taso daga Labanan ta tashar ruwan Lome, zai nufi Libiya.

Ban yarda da masu cewa ganye ne kawai ba. Binciken da Marta Di Forti da abokan aikinta suka yi a kudancin Landan, wanda ya fito a 2015, ya nuna masu shan nau'in nan mai ƙarfi da Turawa suka raɗa wa sunan bodarinsu sun ninka waɗanda ba sa sha sau uku wajen haɗarin taɓuwar hankali, masu sha kullum kuwa sau biyar. Haka kuma ban yarda da masu ganin duka da kora ne magani ba. Wanda ya kalli fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya ga samarin Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ture mata waɗanda gari ba ya so. Ba wiwi ne ya hana su takardar haihuwa da lakwal da aikin yi ba. Ya dai same su a zaune.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wiwi ko ba komai yana kai ƙarar kansa. Sholisho ma haka, warinsa na riga mai shi shiga gida. Tramol fa? Ƙwaya ce ƙarama, mai araha, wadda ɗan kabu-kabu ko mai dakon kasuwar Dole zai haɗiye da shayin safe don jiki ya jure, wani lokaci mai ƙarfin miligiram 225, wanda ya ninka na likita sau da yawa. Tana kama mutum har ya kasa barinta, tana jawo farfaɗiya, tana iya tsayar da numfashi. Ba ta hayaƙi, ba ta kama labule, ba ta tsallake katanga. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya sami masu shan wiwi miliyan 10.6, da masu shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba miliyan 4.6, kuma na biyun ba wanda ya taɓa jin warinsu a lungu.

Na koma wurin Inna bayan kwana biyu. Na ce mata ta ajiye kaskon tukuna, ta buɗe taga, ta sa kawun yaron ya zauna da shi ba tare da bulala ba, in abin ya yi nisa a kai shi likita. Na ce kuma idan za ta yi wanki, ta riƙa laluba aljihu. Ta yi shiru, sannan ta ce ai tun bara take tsintar ƴan fankon ƙwaya a wandonsa, ta ɗauka na ciwon kai ne.