Zugazugin Mota: Bayani a Kan Ƙara wa Injin Mai Tobo Ƙarfi a Garejojin Fagge da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa titunan Fagge da Sabon Gari da yamma, ba zai rasa jin wata irin ƙara da motocin wasu samari ke yi ba. Idan an taka totur sai a ji gurnani mai kauri tare da wani siririn fito, idan kuma direba ya ɗaga ƙafa zai sake giya sai a ji huci kamar na kumurci. Wannan fito da huci alamu ne na injin mai tobo, kuma galibi irin waɗannan motoci an taɓa su bayan fitowarsu daga masana'anta domin su fi yadda aka ƙera su ƙarfi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda tobo yake aiki, da hanyoyin da ake bi a ƙara wa injinsa ƙarfi, da kuma dalilin da ya sa aikin yake bukatar taka-tsantsan a Kano fiye da a ƙasashen da aka ƙera motocin. Daga ƙarshe za a waiwayi kalmomin da makanikai ke amfani da su, domin harshe shi ne fagenmu.

2.0 Daga Kunne Zuwa Kwamfuta

Fagge zangon fatake ne da raƙuma a bayan ganuwa tun kafin zuwan Turawa. Sabon Gari kuwa ya kafu ne jim kaɗan bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manyan motoci suka karɓi aikin raƙumi da jaki, sai waɗannan unguwanni suka zama matattarar direbobi da makanikai da masu sayar da kayan gyara. Har yau shagunan Sabon Gari da kasuwar Ƙofar Ruwa su ne inda bakanike ke fara leƙawa idan yana neman abin sawa a inji.

A zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, gyaran inji aikin kunne ne da hannu. Bakanike zai murɗa ƙusar kafireto, ya juya distiributa domin daidaita taimin, yana saurare har ƙarar ta zauna masa daidai. Motocin da ake shigowa da su yanzu daga Turai da Amurka ba su da kafireto. Wata ƙaramar kwamfuta ce ke auna iskar da ke shiga, ta yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta a sa wa kowace ƙaramar mota wata kafa iri ɗaya da ake jona na'ura a karanta abin da kwamfutar ke ciki, Turai ma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Ta wannan kafa ce yawancin aikin ƙarin ƙarfi yake shiga a yau. Idan kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.

3.0 Yadda Tobo Yake Aiki

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tobo ita ce a tuna maƙera. Komai yawan gawayin da maƙeri ya zuba, wuta ba za ta narka ƙarfe ba sai an zuga ta. Haka inji yake: ƙarfinsa yana fitowa ne daga ƙonewar mai, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Fetur yana bukatar iskar da ta ninka nauyinsa kamar sau 14.7 kafin ya ƙone tsaf. Saboda haka abin da ke iyakance ƙarfin inji shi ne yawan iskar da silinda zai iya haɗiya, domin ƙarin mai abu ne mai sauƙi.

Tobo shi ne zugazugin inji. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji, wanda da can asararsa ake yi ta salansa, shi ke juya fanka ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin silinda. Sandar tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, a kan ɗan siririn shimfiɗin baƙin mai, alhali hayaƙin da ke dukanta yana iya kai zafin digiri 900 a ma'aunin Salshiyos. Nauyin iskar duniya a bakin teku kusan ba 1 ne a ma'aunin matsi. Idan tobo ya ƙara ba 1 a kai, matsin iskar da ke shiga ya kusan ninkawa ke nan.

Akwai abubuwa biyu da ke tafiya tare da shi. Na farko wata 'yar ƙofa ce da ke buɗewa ta saki wani ɓangare na hayaƙin idan matsi ya kai iyakar da aka sa, don kada tobo ya wuce gona da iri. Na biyu wani lagireto ne na iska, wanda ake kira intakula. Dalilinsa shi ne iska idan aka matsa ta zafi take yi, har ta wuce digiri 100, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, don haka sai an sanyaya ta kafin ta shiga.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista a 1905. Ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962, sa'an nan BMW 2002 Turbo a 1973 da Porsche 911 Turbo a 1975 suka sa ta zama tambarin motocin gudu. A yau kamfanoni suna sa ta har a motocin iyali, domin ƙaramin inji mai tobo yana ba da ƙarfin babba ba tare da shan mai irin nasa ba.

4.0 Matakan Ƙarin Ƙarfi

Kamfanin da ya ƙera mota ba ya sakin dukkan ƙarfin injinta. Yakan bar rara da gangan, domin bai san hannun da motar za ta faɗa ba, bai san irin man da za a zuba mata ba, kuma yana so ta daɗe. Aikin mai ƙarin ƙarfi, a taƙaice, shi ne cin wannan rara. Masu sana'ar sun saba kasa aikin mataki-mataki, ko da yake al'ada ce tasu kawai, ba wata hukuma ce ta tsara ba.

Mataki na ɗaya ba a kwance ko ƙusa ɗaya. Ana jona kwamfuta ne a sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar inji: a jinkirta buɗewar ƙofar hayaƙi don matsi ya ƙaru, a ƙara man da ake fesawa daidai da iskar, a kuma gyara lokacin wutar filogi. Alal misali, Volkswagen Golf GTI ta 2004 ta fito da ƙarfin doki 200, masu gyara a Turai kuwa sukan kai ta wajen 240 zuwa 250 da sauya lissafi kaɗai. Injin da ba shi da tobo ba ya samun irin wannan ƙari, domin ba shi da zugazugin da za a ce ya ƙara himma.

Mataki na biyu ya haɗa da sauya ƙarafa: bututun hayaƙi mai faɗi, intakula babba, da hanyar iska mai sauƙin shaƙa, sa'an nan a sake rubuta lissafi ya dace da su. Mataki na uku kuwa shi ne a cire tobon kamfani a sa babba, wanda ke jawo sauya famfon mai da nozul da kuloci, wani lokaci har da fistin da sandunansa. A ƙa'ida, bayan kowane mataki ana ɗora motar a kan na'urar awon ƙarfi, tayoyinta suna gudu a kan gangar ƙarfe, ana duba matsi da zafi da cakuɗar mai da iska kafin a sake ta a titi.

5.0 Abin da Ya Bambanta Kano

Rarar da ake magana a kanta, yanayin Kano ya riga ya ci wani ɓangare nata tun kafin kowa ya taɓa motar. Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin.

Abu na farko shi ne zafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Iskar digiri 40 ta gaza ta digiri 15 kauri da kimanin kashi 8 cikin 100, ga shi kuma birnin yana bisa tudu na kusan mita 500 daga bakin teku. Tobo zai ƙara wahala kafin ya cika matsin da aka nema, intakula kuma da iska mai zafi za ta yi sanyayawar, musamman a cunkoson Kantin Kwari inda mota ba ta samun iskar gudu.

Abu na biyu shi ne mai. Ana auna juriyar fetur ga matsi da lambar oktan. A gidajen man Turai 95 da 98 ake sayarwa, ma'aunin fetur ɗin Nijeriya kuwa wajen 91 ne, ban da abin da ake saye a jarka a hannun 'yan bumburutu, wanda ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin fetur, sauran cakuɗar da ke gefen silinda takan fashe da kanta kafin harshen wutar filogi ya iso gare ta. Sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kowace fashewa gudumar ƙarfe ce a kan fistin. Injin yana da wani ɗan kunne da ke jin wannan ƙara ya sa kwamfuta ta ja da baya, amma kariyarsa tana da iyaka. Yawancin lissafin da ake saukowa da shi daga intanet an rubuta shi ne don fetur mai oktan 98 da sanyin Turai. Wanda ya ɗora shi a motar da ke shan man Kano a bazara, ya ari rigar da ba a ɗinka don jikinsa ba, kuma ƙarshenta fasasshen fistin ne ko ƙonannen gaskit.

Abu na uku shi ne ƙura. Matatar iska buɗaɗɗiya da samari ke so saboda daɗin ƙararta, idan hunturu ya kama takan bar ƙura ta wuce, ƙurar kuma ta riƙa goge fukafukan tobo kamar sanfefa.

Akwai kuma wasu al'adun gareji da aka gada daga zamanin kafireto waɗanda ba su dace da waɗannan injuna ba. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye yana hana inji zama a zafin da kwamfuta ke lissafi da shi. Fasa matatar hayaƙi ta cikin salansa, wadda ake cirewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, yana rikita na'urar da ke shinshinar hayaƙi, ya kuma saki guba a unguwannin da jama'a suka yi cincirindo. Baƙin mai na jabu, ko kashe mota nan take bayan doguwar tsere, yana dafa man da ke kan sandar tobo ya zama gawayi. Minti ɗaya ko biyu na barin inji ya huce yana tsawaita ransa.

Daɗin daɗawa, ƙarfin da aka ƙara wa inji ba a ƙara shi ga birki da taya ba sai an yi da gangan. Dokar hanya ta kayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari da 100 a babban titi mai tagwayen hanya. Titin da ke cike da 'yan adaidaita sahu da masu tura baro da 'yan makaranta ba fagen gwajin doki 250 ba ne.

6.0 Harshen Gareji

Kalmomin wannan sana'a sun shigo Hausa ta hanyoyi biyu. Akwai aro, inda ake gyara kalmar ta bi tsarin sautin Hausa, kamar saƙa wasali tsakanin baƙaƙe a birki da kuloci, ko mayar da baƙin da Hausa ba ta da shi zuwa f, kamar a fistin da filogi da Fijo. Akwai kuma faɗaɗa ma'ana, inda ake ɗaukar mota tamkar mai rai: tana da ƙwaƙwalwa, tana shan mai, tana tari. Matatar hayaƙi ma indomi ake ce mata, saboda cikinta ya yi kama da taliyar.

Sai dai akwai giɓi guda mai muhimmanci. Kowa ya san ma'anar inji ya buga, watau ya lalace sai an sauke shi. Amma waccan fashewar mai da ke zuwa kafin bugawa ba ta da tsayayyen suna a bakin jama'a, abin da ba shi da suna kuwa da wuya a gargaɗi mutum a kansa. Wannan maƙala tana ba da shawarar a kira ta ƙwanƙwasa, domin inji yakan ƙwanƙwasa ƙofa tukuna kafin ya buga.

7.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa ƙara wa injin mai tobo ƙarfi sana'a ce mai tushe a ilmi, kuma asalinta cin rarar da maƙera suka bari ne. A Kano zafi da ƙura da ƙarancin oktan sun riga sun ɗebi kasonsu, don haka abin da ya rage bai kai yadda ake zato ba. Mai hankali zai fara da lafiyar inji da sanyaya iska da ingancin birki, sa'an nan ya nemi lissafin da aka rubuta don man da yake saye, ya kuma yarda da ƙari kaɗan mai ɗorewa, kada garin neman gira a rasa ido. Makanikan Fagge da Sabon Gari sun gaji kunne mai kyau daga magabatansu. Abin da zamani ke nema gare su shi ne su haɗa shi da awo. Mu kuma ɗaliban Hausa, aikinmu ne mu shiga garejojin nan mu tattara kalmominsu, mu cike giɓin da ke ciki, domin wannan ilmi ya samu a harshen waɗanda ke riƙe da sifana.