Me ya sa tsofaffin fina-finan Birtaniya na baƙi da fari suka ƙi gushewa?

A shekarar 1999, Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta nemi ra'ayin masana da masu sana'ar fim game da fina-finai 100 da suka fi fice a ƙasar cikin ƙarni na 20.

Wanda ya zo na ɗaya shi ne The Third Man na shekarar 1949, yayin da The 39 Steps na 1935 ya zo na huɗu.

Dukansu biyun na baƙi da fari ne, kuma labarai ne na kisan kai da ɓoyayyen al'amari, waɗanda ke barin mai kallo cikin zulumi har ƙarshe.

To ko mene ne ya sa irin waɗannan fina-finai ke ci gaba da samun masu kallo, alhali an daɗe da komawa fim mai kala?

Gwanin sa fargaba

Ba a maganar wannan fanni ba tare da an ambaci Alfred Hitchcock ba, wanda aka haifa a Landan a 1899, ya kuma koma Amurka da aiki a 1939.

Hitchcock ya sha bayyana cewa akwai bambanci tsakanin razana mai kallo da sa shi zaman ɗar-ɗar.

Misalin da yakan bayar shi ne na mutane biyu da ke hira, akwai bam a ƙarƙashin teburinsu. Idan bam ɗin ya tashi ba zato, an razana mai kallo na ɗan lokaci ke nan. Amma idan tun farko an nuna masa bam ɗin da lokacin da zai fashe, to kowace kalma ta hirar za ta tsaya masa a rai.

A cikin The 39 Steps, wanda aka ɗauko daga littafin John Buchan na 1915, an kashe wata 'yar leƙen asiri ne a masaukin wani mutum mai suna Richard Hannay.

Sai ya tsere zuwa Sikotilan, 'yan sanda na farautarsa, makasan matar ma haka. Mai kallo ya san ba shi da laifi, amma babu wanda ya yarda da shi.

Gaskiya da son zuciya

Wannan jigo na mai gaskiyar da aka ƙaryata ya sake fitowa a The Lady Vanishes na 1938.

Wata dattijuwa ce ta ɓace a cikin jirgin ƙasa da ke ratsa Turai, kuma duk fasinjojin suka ce wa budurwar da ke cigiyarta ba su taɓa ganinta ba.

Wasunsu ba maƙarƙashiya suke yi ba. Akwai 'yan Ingila biyu da ke gudun kada a tsai da jirgin wasan kurket ya wuce su, akwai kuma lauyan da ke tsoron kada asirinsa ya tonu saboda yana tafe da matar da ba tasa ba.

Fim ɗin ya fito ne jim kaɗan bayan yarjejeniyar Munich, inda Birtaniya da Faransa suka sakar wa Hitler wani yanki na Czechoslovakia. Saboda haka masu sharhi da dama na ɗaukarsa a matsayin hannunka-mai-sanda ga masu kau da kai daga zalunci.

Shi kuwa The Third Man, wanda Carol Reed ya ba da umarni, Graham Greene ya rubuta, an ɗauke shi ne a birnin Biyana na Ostiriya, lokacin da Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka raba birnin tsakaninsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Wani marubuci ne ya gano cewa amininsa, Harry Lime, na sayar da maganin fenisilin na sata wanda aka gurɓata, abin da ya halaka yara, ya nakasa wasu.

Ya zame masa dole ya zaɓa: ko ya rufa wa aboki asiri, ko ya taimaka a kama shi. Tambaya ce da ba ta tsufa ba, kamar yadda matsalar jabun magunguna ba ta kau ba.

Haske da inuwa

Rashin kala ya tilasta wa masu ɗaukar hoto dogaro da haske da inuwa.

A Biyana, an riƙa jiƙa tituna da ruwa cikin dare domin su yi ƙyalli, ana kuma karkata kyamara domin mai kallo ya ji cewa al'amura ba daidai suke ba. Wannan aiki ya sa Robert Krasker samun lambar yabo ta Oscar a 1951.

Haka kuma, hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1912, ba ta barin a nuna zubar da jini ko tsiraici ƙuru-ƙuru a wancan zamani. Sai ya zama ana nuna inuwar makashi ko a jiyo ihu, mai kallo ya ƙarasa sauran a zuciyarsa.

Sai dai ba a rasa masu suka ba. Wasu na ganin labaran na tafiyar hawainiya, wasu kuma na nuni da cewa sau da yawa baƙi 'yan wasu ƙasashe ake bai wa matsayin mugaye.

Ceto daga lalacewa

Ba duk fina-finan zamanin ne suka tsira ba, domin faifan da aka yi amfani da shi yana ruɓewa, yana kuma saurin kama wuta. Fim ɗin Hitchcock na biyu, The Mountain Eagle, na cikin waɗanda suka ɓace.

A 2012, Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta kammala gyaran fina-finansa tara marasa magana da suka rage, ciki har da The Lodger na 1927.

An kuma sabunta hoton The Third Man aka mayar da shi gidajen sinima a 2015, shekaru goma bayan buɗe wani gidan tarihi da aka keɓe masa a Biyana.