Birkin Tsohuwar Akori-kura: Ba Kowace Matsala Ce Iska Ba

Peugeot 504 akori-kura ta ƙi mutuwa. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya daina fitar da 504 tun 2006, amma har gobe ita ke kai buhunan masara kasuwar Dawanau. Sai dai da wuya a ga wadda ta rage yadda ta fito. An canza inji, an ƙara ganyen sifirin, an sa manyan tayoyi. Haka ma tsofaffin Hilux. Da birki ya fara wasa kuwa, hukuncin gareji ɗaya ne: iska ce ta shiga, a cire ta.

Akwai gaskiya a ciki. Man birki ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka kumfa kaɗan a bututu ya isa ya sa feda ta yi laushi kamar soso. Aikin cirewar ma sananne ne. Yaro na zaune a kujerar direba, maigida na kwance ƙarƙashin mota da sifana, yana kira: "Taka, taka, riƙe!" Ya kwance ɗan kusar fitar da iska, mai ya tsarto da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce a saki. Idan yaron ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iskar ta koma. Idan aka bar tukunyar masta, inda ake zuba man birki, ta ƙafe ana tsakiyar aiki, an koma farko.

Ƙa'idar nan ta farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta ita ma daidai ce a yawancin tsofaffin motoci: baya ta dama, baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu, tunda sitiyarinmu a hagu yake. Amma nisan bututu ake nufi, kuma motar da aka sake wa bututai sai an bi su da ido. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul a baya mai nasa kusar iska, wanda sau da yawa ake mantawa da shi.

Inda zancen ya karkace shi ne ɗaukar cewa duk laushin feda iska ce. Fedar da ke nutsewa a hankali alhali an danne ta an riƙe, kuma babu yoyo a ko'ina, robar cikin masta ce ta gaji. Fedar da sai ta yi nisa kafin ta kama, galibi takalman birkin baya ne suka yi nesa da ganga, gyaran saiti suke so. Tsohon tiyo kuma kumbura yake yi idan an taka, ya shanye ƙarfin. Akwai wani kuskure da ke cinye wa bakanike yini guda a motocin da aka sauya wa birkin gaba: a ɗaura kalifar dama a hagu, ta hagu a dama. Komai zai zauna daram, sai dai kusar iska ta koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa. Ko galan guda aka zuba ba za ta fita ba.

Gyare-gyaren da aka yi wa motar su ne ba a cika tuhuma ba, kuma nan matsalar ta fi kwanciya. Wanda ya cire injin fetur ya sa na dizal, sai ya ji feda ta yi tauri, motar ba ta tsayawa. Busta, baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, da zuƙar iskar injin fetur take aiki. Injin dizal ba ya ba da wannan zuƙar, sai da famfo na musamman, wanda a tsofaffin injuna da dama yake manne a bayan altaneta. Ƙarin sifirin ma da nasa. Aikin bawul ɗin baya shi ne ya ƙara wa birkin baya ƙarfi idan kaya ya danne motar ta sauka. Sifirin mai tauri ya hana ta sauka, bawul ya ɗauka motar wayam take, alhali buhu ashirin ne a kanta. Manyan tayoyi kuwa suna rage ƙarfin kamun birki a ƙasa, domin taya ta girma amma faifai da ganga suna nan yadda suke.

Sai batun ruwan Omo, da wasu direbobi ke zubawa a maimakon man birki suna rantsuwa ya fi na kanti kamawa. Feda za ta yi tauri da safe, shi ya sa zancen ya samu gindin zama. Amma ruwa yana tafasa a digiri 100, sabon man birki mai lamba DOT 3 kuwa ba ya tafasa ƙasa da 205, DOT 4 ƙasa da 230. A gangaren Hawan Kibo da lodi, ƙafa a kan birki, ruwan zai zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu kamu. Tsatsar da zai bari a masta daban. Man inji da man giya su ma haramun ne a nan, kumbura roba suke yi.

Masu cewa man birki ba ya lalacewa muddin bai zube ba su ma sun yi kuskure. Yana tsotsar danshi daga iska, kuma DOT 3 da ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari yana iya tafasa tun a 140. Dalilin da ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu ke nan, kuma ragowar gwangwanin da ya daɗe a buɗe a kan benci ba abin zubawa ba ne. Lamba mafi girma ma ba ita ce mafi dacewa ba. DOT 3 da 4 da 5.1 suna haɗuwa, amma DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su.

Gargaɗi biyu na tsofaffin makanikai kam gaskiya ne. Man birki yana cin fenti, a wanke da ruwa nan take. Kuma a tsohon masta kada a kai feda har ƙasa lokacin cire iska, domin robar za ta bi ta kan tsatsar da ba ta taɓa isa ba, ta yage. Guntun katako a ƙarƙashin feda ya isa ya tare ta.