Tasirin Mofin a Kan 'Ya'yan Ɓera Tun Suna Ciki

Akwai wani rukuni na magunguna da ake kira dangin ofiyam, wato irin su mofin da kodin da hiroyin da tiramadol. Aikinsu shi ne kashe raɗaɗi, amma kuma suna sa maye, kuma jiki yakan saba da su. A shekarar 1973 ne masana suka tabbatar da cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabe na musamman da waɗannan magunguna ke maƙalewa, tamkar yadda makulli ke shiga kwado. A 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Abadin da ke Sukotilan suka gano cewa jiki da kansa yana samar da sinadarai masu shiga waɗannan gurabe. Sinadaran nan suna da hannu wajen tsara girman ƙwaƙwalwa tun kafin haihuwa. Saboda haka tambaya ta taso: me zai faru idan magani daga waje ya kutsa cikin ƙwaƙwalwar da ba a gama ginawa ba?

Da yake ba ya halatta a yi irin wannan gwaji a kan mata masu juna biyu, sai masu bincike suka koma ga ɓeraye, waɗanda cikinsu ba ya wuce kwana 21 zuwa 23. Akan yi wa uwa allurar mofin tana da ciki, maganin ya ratsa mabiyiya ya isa ga 'ya'yan. Bayan haihuwa sai a ƙyale su har su girma, ba tare da an sake ba su komai ba.

Idan sun girma, akan ba su mofin, a ɗora zafi a kan wutsiyarsu, a ƙirga daƙiƙun da za su ɗauka kafin su fizge ta. A gwaje-gwaje da dama an ga cewa maganin ba ya kashe musu zafi kamar yadda yake kashe wa sauran ɓeraye, wato jikinsu ya riga ya saba da abin da rabonsu da shi tun suna ciki. Haka kuma, idan aka sa su a akwati mai ɗaki biyu, sukan fi sauran naci wajen komawa ɗakin da aka taɓa ba su maganin. Wannan alama ce ta kwaɗayi, kuma ita ce ta fi tayar da hankali.

Sai dai ba kowane gwaji ne ya ba da sakamako iri ɗaya ba. Yawan maganin da kwanakin da aka ba da shi suna sauya lissafi, kuma binciken Ilona Vathy a Amurka ya nuna cewa maza da mata ba sa amsawa daidai. Ga kuma batun uwa: wadda ta saba da mofin takan rage lasar 'ya'yanta da kula da su, wannan kaɗai kan iya sauya halinsu. Domin a rabe aya da tsakuwa, akan ɗauke jariran a ba wata uwa lafiyayya ta shayar da su.

Wajen danganta wannan da ɗan Adam ana taka-tsantsan, domin ana haihuwar ɓera ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta jaririn mutum nuna ba. Kwanaki goman farko na rayuwarsa su ne kwatankwacin watanni ukun ƙarshe na cikin mace.