Ɗakin Kan Tudu na Jiƙa, na Gangare a Bushe

Kowa ya san ruwa gangare yake bi. Shi ya sa abin da ya faru a wani gida a Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, ya ɗaure wa 'yan unguwa kai. Gidan a jikin tudu yake, kamar gidaje da dama a garin nan da duwatsu suka kewaye. Maigidan ya ba mahaifiyarsa ɗakin da ya fi kowanne hawa tudu don kada damina ta takura mata, ɗakunan matansa biyu da madafa suka gangara ƙasa. Damina ta farko, bangon tsohuwa ne ya jiƙe, fenti ya ɓare, tabarma ta yi funfuna. Ɗakunan gangare kuwa ƙayau.

Rufi aka fara zargi. Kafinta ya hau ya bi kwano ƙusa-ƙusa bai ga huda ba, silin ma a bushe. Danshin daga ƙasa yake tasowa, ya tsaya daidai gwiwa, ya bar farin gishiri a jikin filasta. Sai aka koma kan magini, aka ce ya rage siminti. Wannan ma bai zauna ba, don bulo ɗaya aka buga wa gidan gaba ɗaya. Har butar alwalar tsohuwa sai da aka tsegunta, a bayan idonta dai. Masu cewa a yi hayaƙi ma ba a rasa su ba.

Wani dattijon magini da aka ɗauko bai fara da bango ba, tsohuwar ya fara gaisarwa.

"Inna, yaushe yake jiƙewa?"

"Ai ranar da aka yi ruwa lafiyarsa lau, Malam. Sai an kwana biyu yake fara gumi."

Ruwan da ke shigowa ta rufi ko ta taga ba ya jiran kwana biyu. Wanda ya makara haka, doguwar hanya ya biyo, ta ƙarƙashin ƙasa. Dattijon ya juya ga maigida.

"Alhaji, da ka sayi filin nan a shimfiɗe ka same shi?"

"A'a Baba, tudun muka yanka muka cike gangaren."

Suka zagaya baya. Ƙasar tudun da aka yanka tana jingine da bangon ɗakin, kusan tsayin danshin da ke ciki. Aka kawo diga. Ba a yi nisa ba ta daki falalen dutse, ga ruwa yana tsatsafowa a kansa, alhali sama ko gajimare babu.

Ƙasar Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, a kan dutse mai tauri take, a wurare da yawa ba ta da kauri, kuma damina a kudancin Kano ta fi ta birni ƙarfi. Fili mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, in aka yi ruwan milimita 50, lita sama da 23,000 ke sauka a kansa, wato jarka mai lita 25 fiye da 900. Ban da na filayen da ke samansa. Abin da ƙasa ta shanye yana nutsewa har ya tarar da dutse, ya kasa wucewa, sai ya riƙa silalowa gangare a hankali. Harsashin ɗakin tsohuwa ya gitta masa hanya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya yi masa abin da madatsar Tiga ta Bebeji ke yi wa kogin Kano tun 1974. Ɗakunan matan sun tsira ne saboda ɗakin surukarsu ya tare musu.

Tushen ɓarnar, a ganina, yana kan takarda. Zanen gidan daga birni aka kawo shi, an yi shi don shimfiɗaɗɗen fili, mai zanen bai taɓa taka wurin ba. Maimakon a daidaita zane da tudu, sai aka tilasta wa tudu ya bi zane.

Gyaran bai kai rushe ɗaki ba. An janye ƙasar daga bango aka bar lungu, aka shafa kwalta a bayan harsashin, aka yi rami har kan dutse, aka kwantar da bututu mai huji-huji, aka rufe da tsakuwa, aka bi da shi ta gefen gida zuwa rariya. Damina ta gaba bango bai yi gumi ba.

Sai dai dattijon bai tafi ba sai da ya tambayi inda za a haƙa rijiya. Aka nuna masa kusurwar gangare, ƙasa da salga. Ya ce ruwan da ya biyo dutse ya jiƙa bango, shi zai biyo dutse daga salga ya faɗa rijiya. Ƙa'idar masu aikin tsaftar ruwa ita ce rijiya ta kasance sama da salga, da tazarar mita 30 in da hali, abin da fili ɗaya irin wannan da ƙyar yake bayarwa. Aka fasa.

Mai shirin gini a tudun Doguwa, Tudun Wada ko Kiru, ka je filinka a watan Agusta, kwana biyu bayan ruwa, ka haƙa rami a gefen tudu ka duba. Ka sa ɗakuna hawa-hawa maimakon yanka mai zurfi, salga da makewayi a gangare, ka fitar da hanyar ruwa kafin ka yanke inda zaure zai zauna.