Yadda Ake Haɗa Wayar Famfon Kwashe Ruwa a Jirgin Ruwa

Kowane jirgin ruwa yana tara ruwa a can ƙasan cikinsa, ko na sama, ko na igiyar ruwa, ko na yoyo. A ƙaramin kwalekwale da roba ake kwarfe shi. A jirgi mai inji kuwa, famfo ne mai aiki da batir, galibi mai bolt 12, yake wannan aiki. Ana auna ƙarfinsa da yawan galan da yake fitarwa a awa guda, kuma ƙananan jirage sukan yi amfani da na galan 500 zuwa 2,000.

Abokin aikin famfon shi ne makunni mai tasowa da ruwa. Wata ƙaramar roba ce mara nauyi, da ruwa ya taru sai ya ɗaga ta, wuta ta haɗu, famfo ya tashi. Da ruwa ya janye sai ta kwanta, famfo ya tsaya. Akan kafa ta dab da famfon, ɗan sama kaɗan da gindinsa, don kada ya yi ta juyawa babu ruwa.

Wurin haɗa waya, akan sa maɓalli mai matsayi 3: kashewa, kunnawa da hannu, da barin famfo ya tashi da kansa. Wayar fozitif ta makunnin tana fitowa kai tsaye daga batir, ba ta bi ta babban maɓallin jirgi, domin famfo ya yi aiki ko da an kashe komai an tafi gida. Dole a sa fis kusa da batir. Ƙa'idar Amurka ta ce kada nisansa ya wuce inci 7. A ƙa'idar, wayar famfo ruwan ƙasa ce, ta negatif kuwa baƙa ko rawaya. Idan aka juya su, farfelar cikin famfon takan juya da baya, ruwan da ke fita ya ragu.

Waya mai silli-silli ta jan ƙarfe da aka shafe da kuza ita ke jure laima. Siririyar waya tana rage wuta, famfo ya yi sanyi. Kowane mahaɗi a matse shi, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure shi sama da inda ruwa ke kaiwa. Bakin tiyon fitar da ruwa ma ya kasance sama da ruwan kogi.

Kafin kowace tafiya, a ɗaga makunnin da yatsa a ji famfo ya tashi, a kuma cire leda da dattin da kan maƙale shi.