Yamai: Ƴar na'urar da ake cirewa a injin gazuwal, da asarar da ke biyo baya

A garejojin Yamai akwai wani gyara da bai kai minti goma ba. Makanike zai zare wayar na'urar auna zafin mai, ya maƙala wani ɗan resista a madadinta, ya goge laifin da kwamfutar binciken mota. Fitilar gargaɗi ta mutu, mai mota ya biya ya tafi. Matsalar sai an yi nisa take fitowa, galibi a tsakiyar hanya.

Na'urar, wadda da Faransanci ake kira capteur, ba ta fi ɗan yatsa ba. An fi samun ta a injinan gazuwal na zamani. A Toyota Hilux mai injin D-4D tana jikin famfon mai ne, a injinan HDi na Peugeot kuwa tana kan bututun da ke mayar da mai tanki. Aikinta shi ne gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko man ya yi zafi ko da sanyinsa.

Dalili na farko lissafi ne. Gazuwal na kumbura idan ya ɗumama: ƙarin digiri 10 na rage nauyin lita ɗaya da kusan kashi 1 cikin 100, don haka ƙwaƙwalwar ke daidaita yawan man da ake fesawa. Wannan ƙaramin abu ne, shi ya sa direba ba ya jin bambanci a ranar da aka cire na'urar, kuma shi ya sa ake ganin kamar ba ta da amfani.

Dalili na biyu shi ne mai tsada. Famfon waɗannan injina na matsa mai har ya kai ba 1,600 ko fiye, kuma gazuwal ɗin da kansa ne ke zame wa ƙarafansa man shafawa. Idan ya yi zafi sosai sai ya tsinke, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. A injina da yawa, da zarar na'urar ta nuna zafin ya wuce ƙima, ƙwaƙwalwar za ta rage ƙarfin inji har man ya huce. Wannan ragin ƙarfi ne ke ba direba haushi, ya kai mota gareji yana cewa ba ta ja.

A injin da aka taɓa manhajarsa don ƙara masa ƙarfi abin ya fi muni. An ɗaga matsin mai, famfo na ƙara wahala, man da ke komawa tanki ya fi zafi. Ga kuma yanayin Yamai, inda zafin rana a watan Afrilu ke kaiwa digiri 41 a matsakaici. A ɗauki mota cike da kaya a hanyar Doso, Konni, Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar kilomita kusan 900, tanki ya kusa ƙarewa, ɗan man da ya rage yana ta zagayawa yana ƙara zafi. Resistan da aka maƙala yana nan yana shaida wa ƙwaƙwalwar cewa komai lafiya.

Idan famfo ya fara cinyewa, garin ƙarfensa na bin mai ya shiga allurai masu fesa shi. Daga nan gyaran ya zama na famfo, allurai huɗu, bututu da wankin tanki. Kayan ma ba sa zuwa da sauƙi kamar da: bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Ga mazauna Turai da ke turo wa ƴan uwa mota, da masu saye a Yamai, akwai gwaji mai sauƙi. A jona kwamfutar bincike da safe kafin a tada inji: zafin mai ya kamata ya yi kusa da na iska, sannan ya riƙa hawa bayan tafiya. Idan lambar ta tsaya cak, mai yiwuwa an taɓa wurin. Lambobin laifi daga P0180 zuwa P0183 na wannan na'ura ne, kuma sau da yawa laifin na tsinkakkiyar waya ne ko bakin soket da ƙura ta cika.